Daga Katsina zuwa ƙasar Baure a kan keken Baba

Lahadi, 22 ga Satumba, 2024

Yau na fito da keken marigayi Baba daga ɗakin da muke ajiye tarkace. Phoenix ne baƙi mai kariyar ƙarfe, irin wanda malaman makaranta da malaman gona suka hau a da. Shekara tara rabon da ƙafarsa ta taɓa titi. Tayoyin sun tsattsage, sarƙa ta yi tsatsa har ta ƙage, amma jikin ƙarfen lafiyarsa ƙalau.

Niyyata in hau shi daga nan Katsina zuwa ƙauyen da aka haifi Baba a ƙasar Baure, in bi ta Mani da Mashi da Daura da Zango, in dawo ta wata hanyar. Baba ya sha ba mu labarin yadda yake yin wannan tafiya da kaka yana saurayi, ya dawo da gero da wake ɗaure a kariya. Ni kuwa ɗinki nake yi a cikin gari, a tiya na san gero. Duk daminar nan da hatsi ya yi tsada ina jin mutane a bakin shago suna ɗora wa manoma laifi, wai sun ɓoye abinci. Ban musa ba, ban kuma gaskata ba, abin dai yana ci mini rai don dangin ubana ake nufi. Ina so in je in gani da idona, a mota kuwa ba abin da mutum ke gani sai kore yana wucewa.

Maiɗakina abu ɗaya ta tambaya, tsaro. Na ce mata ba zan nufi yamma ko kudu ba, ba ruwana da hanyar Batsari ko Safana ko Ɗanmusa. Gabas zan yi. Na kuma yi mata alkawarin ba zan yi tafiya bayan la'asar sakaliya ba, ba zan kwana inda ba wanda ya san ni ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Na karɓo keke daga wurin mai gyara. Taya biyu naira 13,000, tiyub biyu 5,000, sarƙa 4,500, boris da giris 1,500, robar birki 1,000, kuɗin hannu 3,000. Na ƙara famfo na 3,500 da kayan faci na 1,200. Jimla 32,700. Mai gyaran ya ja kunnena a kan ƙafar baya. Ya ce wayoyinta tsofaffi ne, gara in canza su duka. Na ce a bar su tukuna, kuɗin ya fara yawa.

Asabar, 28 ga Satumba

Gwajin farko, zuwa madatsar ruwa ta Ajiwa da dawowa. Daga can ake ba mu ruwan famfo a Katsina, amma sai yau na taɓa tsayawa a bakinta. Ƙafata ta saba da taka keken ɗinki, sai dai wannan takun daban ne, a cinya da gadon baya yake zama. Sirdin ya ji mini ciwo. Zan ɗinka masa riga da soso a ciki.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Kwana huɗu a makon nan ina fita bayan asuba, awa ɗaya da rabi. Rigar sirdi ta yi amfani.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na ɗinka jakunkuna biyu da ragowar yadin tamfol, suna rataye hagu da dama a kariya. Kaya kala uku, bargo, gidan sauro, buta, jarkar ruwa mai lita biyar, ƙuli-ƙuli da dabino. Na bar wa yarona shago, na sallami ɗinkunan da ke hannuna. Guzuri naira 60,000, rabi a aljihu, rabi a asusu.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na fita ta Ƙofar Marusa gari bai gama wayewa ba. Kafin hantsi na bar hayaniyar babura a baya.

An gama girbin gero kusan ko'ina. Karan yana kwance layi-layi, wake ya samu sarari ya bazu a kansa, ga dawa tana tsaye kanta ya fara nauyi. Mata da yara suna roron wake da kwanduna. A bakin wata gona na ga an yanke riɗi an jingina shi tsaye, kai sama, don ya bushe ba tare da ya zube ba. Ƙamshin harawar gyaɗa ya bi ni har Mani. Duk wanda na wuce sai na ce sannu da aiki, ba kuwa wanda bai ɗago ya amsa ba.

Na isa Mani da azahar, kusan kilomita 40 a lissafin wayata. Na sauka gidan wani abokin karatuna. Da yamma ya kai ni Durɓi ta Kusheyi a babur, muka ga tuddan da ake cewa kaburburan sarakunan Durɓawa ne, gonaki sun kewaye su. Na kashe 1,500 yau.

Talata, 15 ga Oktoba

Ranar faci. Na ƙi bin kwalta, na ce zan yanke ta hanyoyin ƙauye zuwa Mashi don in fi kusa da gonaki. Ban yi awa ɗaya ba tayar gaba ta sace. Na zauna gindin bedi na cire tiyub, na tsoma shi a ruwan da na zuba a murfin kwano, kumfa ta fito wuri uku. Tsidau ne. Yana shimfiɗe a gefen hanya kamar ciyawar banza, 'ya'yansa kuwa duk ta inda suka faɗi akwai ƙaya ɗaya da ke kallon sama. Na liƙe, na hura, na tafi. Ba a jima ba ta sake sacewa, don ban shafa cikin tayar na zare ƙayoyin da suka karye a ciki ba. Karo na uku ta baya ce. Sholisho ya kusa ƙarewa, rana ta take, ƙarangiya ta cika mini ƙafar wando.

Wani dattijo da ke kora jaki ya tsaya ya dube ni. Ya ce, “Ɗan nan, tsakiyar hanya za ka bi inda kofato ya tattake, ko da yashi ne. Gefe na tsidau ne.” Na bi maganarsa, na riƙa tura keken a inda yashi ya yi zurfi. Ban sake faci ba. Mai faci a Mashi ya yanka tsohon tiyub ya shimfiɗa mini a cikin kowace taya, ya karɓi 1,000. Sholisho da faci 800.

Laraba, 16 ga Oktoba

Abin da ya faru yau ya fi na jiya nauyi a zuciyata.

Na bar Mashi da safe, na ratse daga titin Daura zuwa wani ƙauye saboda na hango rumbuna jere a bayan gari, an yi musu sabon jinka, ga dammunan gero an tara kamar ɗaki. Kyan abin ya kama ni, na fito da waya na ɗauki hoto uku. Kafin in mayar da ita aljihu samari biyu sun tsaya a kaina, ɗaya da gora, ɗaya da adda. “Malam, daga ina? Wa ka sani a garin nan? Hoton me kake ɗauka?” Na yi bayani, ba su gamsu ba. Suka riƙe keken, muka tafi ƙofar mai gari, yara na biye da mu.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya sa aka zazzage jakunkunana a gaban jama'a, har gidan sauro aka warware. Ya karɓi katin shaidata ya juya shi, ya ce in kira wani babba da ya san ni. Na kira mai unguwarmu a Katsina, Allah ya sa ya ɗauka, suka yi magana mai tsawo. Sai fuskar mai gari ta saki. Ya ce, “Ɗana, kada ka ga laifinsu. Mai ɗaukar hoton rumbu ba mu san wa zai kai wa ba. Abin da ya sami mutanen yamma ta hannun masu kai rahoto ya fara.” Na ce, “Ranka ya daɗe, laifina ne, ban yi sallama ba.” Gaskiya na faɗa. Na shiga bayan garin mutane kamar kasuwa.

Aka kawo fura da nono. Wanda ya riƙe addar shi ya dama mini. A nan inuwar na yi tambayar da ta fito da ni daga gida, na ce a birni ana cewa kun ɓoye hatsi. Wani magidanci ya ce in taso. Ya kai ni gindin dammunansa ya ƙirga mini da yatsa. Dami sittin ya samu. Shida na zakka ne, ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ya shayar. Buhu biyu na taki ya ci bashi farkon damina, da hatsi zai biya, a farashin yanzu da ya faɗi. Akwai ladan masu noma da na mai garmar shanu. Akwai auren ƙanwarsa bayan kaka. Ya ce, “Abin da ya rage, in ya kai mu watan bakwai mun gode Allah. Daga nan mu ma awo muke yi. Mai sito shi ke ɓoyo, Malam.”

Na goge hotunan a gabansu ko da yake ba su nema ba. Daga yau duk garin da na shiga, ƙofar mai gari ko ta liman zan fara zuwa. A nan na kwana, a zauren masallaci.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na iso Daura da hantsi ta Shargalle. A hanya na ga aikin layin dogon da zai tashi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, tudun jar ƙasa ya ratsa tsakiyar gonaki. Titin Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ni da ratse-ratsena na haura 100. Na sauka gidan ɗan kawuna.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Hutu da wanki. Bayan masallaci na je rijiyar Kusugu, na sha ruwanta. Tun muna yara ake ba mu labarin macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya kashe shi. Na shafa wa sarƙa mai.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na bar kaya a gida na hau zuwa kasuwar Mai'aduwa, yau take ci. Shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, ƙura ta tashi har ba a ganin ƙarshen kara. Ni dai layin hatsi na zauna. Ƙananan manoma ne ke zuwa da rabin buhu a kan babur ko jaki, masu saye suna tare su tun daga bakin hanya, ana aunawa ana ɗurawa a manyan buhuna, motoci na jira. Wata tsohuwa ta kawo wake bai fi tiya biyar ba, ta sayar ta wuce wurin mai magani. Abin da magidancin nan ya lissafa mini ranar Laraba, ga shi ina kallo.

Da zan dawo na biya ta madatsar Sabke. Masu noman rani sun fara gyaran fangali, ana renon irin albasa da tumatir. Kukansu ɗaya, man injin ban ruwa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lissafin ya canza, yanzu lita ta haura naira dubu. Na ga mutum biyu da suka koma famfo mai aiki da hasken rana, sauran suna zuwa kallo suna tambayar kuɗinsa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Kwana uku ina kwance. Daren Litinin sanyi ya rufe ni, kai kamar zai tsage. Aka gwada jini, zazzaɓin cizon sauro ne. Ban san inda na samo shi ba. Na dai tuna daren da na kwana a zauren masallaci ban ɗaura gidan sauro ba don na rasa inda zan maƙala igiya. Gwaji da magani 6,500. Ga shi tun farkon mako babu wutar lantarki, rediyo ya ce yawancin jihohin Arewa ne ke cikin duhu, sai wurin mai caji ake kai wayata. Maiɗakina ta ce in saka keken a mota in dawo. Matar ɗan kawuna ta ce mata, “Yaya, ki bar shi ya ƙarasa, saura kaɗan, muna kula da shi.” Na yarda zan ƙara kwana ɗaya, kuma zan rage tafiyar kowace rana.

Asabar, 26 ga Oktoba

Daura zuwa Zango, a hankali, ina tsayawa duk inda na ga inuwa. Iskar gabas ta fara kaɗawa da safe, a fuska take duka, leɓe ya fara tsagewa.

Ƙasar nan jigawa ce, amma itatuwa sun fi yadda na zata. Gawo ya fara fitar da sabon ganye alhali sauran itatuwa suna shirin zubarwa. Wani manomi da na tarar yana ɗaure harawa ya nuna mini kututturan geron da ke ƙarƙashin gawonsa, kaurinsu ya kusa ninka na tsakiyar gona. Da damina gawo tsirara yake, bai tare wa shuka rana. Da rani dabbobi ke kwana a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar taki a wurin. Ya ce shi ya daina sare tohon da ya fito da kansa, sai ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya aske sauran. A wurin 'yan uwansa na tsallaken iyaka ya gani, su sassaben zamani suke ce masa.

Gonar da ke maƙwabtaka da tasa kuwa wuta-wuta ta cinye ta. Daga kan keke furenta ja-ja abin sha'awa, sai da na sauka na ga dawar da ke tsakiyarta ba ta kai ƙugu ba. A saiwar dawa take kamawa tana tsotsa tun kafin ta fito fili, irinta kuma yana shekaru a ƙasa yana jira. Ya ce gonar ta gaji ne, mai ita ba shi da dabbobin da zai kai mata taki. Na daɗe a tsaye a wurin. Shekara guda ta mutum ce a gabana.

Litinin, 28 ga Oktoba

Maganar mai gyara ta tabbata. Tsakanin Zango da Baure, bayan na bar kwalta, na faɗa wani rami da yashi ya rufe. Na ji ƙas, ƙas. Wayoyi huɗu na ƙafar baya sun tsinke, rim ya karkace yana gugar birki, ko turawa ba ya yi. Babu gida kusa, ruwana saura kaɗan, jikina kuma bai gama dawowa ba. Na sauke jakunkuna na zauna gindin aduwa fiye da awa ɗaya.

Amalanken shanu ce ta cece ni, wani yaro da ƙanensa sun ɗauko karan dawa. Suka ɗora keken a sama, ni ma na hau. Na miƙa musu 1,000, babban ya ce, “A'a Baba, ai hanya ce.” Da ƙyar ya karɓi dabino. Mai gyaran da muka samu ba shi da sababbin wayoyi, ya ciro shida daga wata tsohuwar ƙafa, ya zauna yana ɗaurewa yana juyawa yana duban karkatar da ido ɗaya har ta miƙe daidai gwargwado. 2,500. Ya ce za ta kai ni, amma kada in yi mata lodi. Da na canza su duka a Katsina da ban kai haka ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Jiya da la'asar na shiga garin su Baba. Na fara zuwa ƙofar mai gari, na faɗi sunan kakana, nan take aka haɗa ni da yaro. Gwaggo tana tsakar gida tana sussukar gero. Ba ni ta fara ganewa ba, keken ta gane. Ta ajiye taɓarya ta dafa kariyar, ta ce, “Wannan ai na Yaya ne.” Sai kuka. Ni ma ban iya riƙewa ba.

Da dare ta yi tuwon sabon gero da miyar kuka da wake. Yau da safe ɗanta ya zagaya da ni gonar gado. An raba ta tun bayan rasuwar kakanmu, aka sake rabawa, yanzu kason kowa bai fi a tsaya a wannan kunya a yi magana da na waccan ba. Samarin gidan uku suna jiran a gama yankan dawa su tafi cirani. Wakensu ya yi kyau bana. Na ga suna zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Gwaggo ta ce buhu biyu za ta riƙe har bazara ko me za a yi, ragowar na masu bashi ne.

Na tambaye ta ko gaskiya ne Baba kwana biyu yake yi daga Katsina. Ta ce kwana biyu, wani lokaci har ya iso da sauran rana. Ni yau kwanana goma sha bakwai da fitowa.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Lissafi. Daga cikin 60,000 na kashe 27,300, mafi yawa a magani da gyara da tsarabar da na saya wa Gwaggo a Daura. Abinci bai ci kuɗi ba, kusan ko'ina ciyar da ni aka yi. Waya ta nuna kilomita 214.

Zan zauna nan har Lahadi, gobe akwai gayyar yankan dawa a gonar ɗan Gwaggo, na ce a ba ni lauje. Litinin in Allah ya kai mu in koma Daura in canza wayoyin ƙafar baya gaba ɗaya, na ware 6,000. Daga nan Shargalle, Dutsi, Ingawa, Kankiya, sai in hau titin Kano in bi ta Charanci da Rimi zuwa gida. Kafin in bar Daura zan tambayi direbobin tasha halin da hanyar Ingawa ke ciki, in ba su ba ni ƙarfin gwiwa ba in koma ta Mashi. Zan nemi igiya doguwa da ƙusa biyu saboda gidan sauro.

Gwaggo ta auna mini wake tiya goma da gero tiya goma, ta ce haka Yaya yake tafiya da su. Na gaya mata abin da mai gyara ya ce. Mun daidaita a kan tiya uku-uku a kariya, sauran ɗanta zai sa a motar kasuwa zuwa Daura.